Shafukan da Evaristo Ya Yage

A Valparaíso, inda gidaje ke hawan dutse
kamar awaki masu launi-launi,
akwai wata tsohuwar silima kusa da tashar jiragen ruwa.
Kujerunta na ƙara in an zauna,
rufinta na yoyo daidai layi na tara.
Duk watan Yuli, in sanyi ya fara shiga ƙashi,
sai su haska fim ɗin nan mai baƙi da fari,
Eulalia Barría kuma ta sayi tikiti biyu,
ta zauna a kujera ɗaya, ta ɗora jakarta a ɗayar.

Ta san wanda ya yi kisan.
Shekara hamsin da ɗaya ke nan da ta sani:
likitan ne, mai farar safar hannu,
wanda ya fi kowa hawaye a maƙabarta.
To me ya rage da take nema?

Wataƙila ruwan saman da ke zuba a titin fim ɗin,
wanda bai taɓa jiƙa kowa a zauren ba.
Wataƙila jami'in binciken, mai kwat ɗin da ta sha jiki,
yadda yake ɓare lemo da wuƙar aljihu
yana sauraron ƙarya har ta gaji don kanta.
Littafi ɗaki yake ba ka, kai za ka kawo fitila.
Fim kuwa da fitilarsa yake zuwa,
shi ke zaɓar inda inuwa za ta kwanta.

Da littafin ta fara.
Tana buga tafireta a ofishin kwastan,
Evaristo mai gyaran agogo ya ara mata shi.
Dare uku ba ta runtsa ba,
ta zargi lauya, ta zargi mai lambu,
ta zo gaɓar da za a tona asiri,
sai ta tarar da bango kawai.
Shafi goma sha ɗaya, an yage su tas.
Washegari ya ce, ko kunya babu:
“In kina son sanin wanda ya kashe matar,
Asabar, ƙarfe bakwai, ina da tikiti biyu.”
Ta kira shi ɓarawo.
Ta zo da jan takalmi.

Bara waccan, bayan an kai shi makwancinsa,
tana kwashe akwatin aikinsa,
ƙarƙashin ƙananan kusoshi da gilasan agogo
ta ga takardu a ninke, sun yi launin shayi.
A tsaye ta karanta su, a kicin, tukunya na ƙonewa.

Ashe a littafin ba likitan ba ne.
Ƙanwar matar ce.
Jami'in ma ya gane, ya dube ta, ya dubi teku,
ya sa hularsa ya fita bai ce uffan ba.
Masu fim ne suka ga shiru ba zai cika zaure ba,
suka nemo wuyan da za su rataya wa laifi.

Eulalia ta yi dariya har ta riƙe bango.
Rabin ƙarni tana tsine wa mutumin kirki!
Shi kuma wancan, da ya sani,
yana gefenta kowace shekara yana cin gyaɗa,
yana jinjina kai in an sa wa likitan ankwa.

Yanzu ba ta kallon tsakiyar allo.
Can baya take duba, gefen hagu,
inda ƙanwar ke zuba shayi a kofuna huɗu,
hannunta ko rawa ba ya yi.
Daƙiƙa shida ne kacal.
“Na gan ki,” in ji Eulalia, ƙasa-ƙasa.

An kunna fitilu. Mai shara na jiran ta tashi.
A waje ruwan gaske ake yi, mai jiƙa mutum.
Ta ɗauki jakarta daga kujerarsa,
ta taɓa wurin, ko da ɗumi.