Tagar Tasi'u

Ni magini ne, a Bagalam aka binne cibiyata.
Ruwan da na sani mafi girma
shi ne gulbin Maraɗi in ya yi fushi a tsakiyar damina.
Sai ga Tasi'u ɗan Inna Cima ya dawo,
shekara bakwai yana shimfiɗa wa baƙi gado
cikin jirgin da ya ce ya fi babbar kasuwa tsawo,
hawa goma sha huɗu a kan ruwan gishiri.

Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu,
ya ja layi da tsinke.
Ya ce, Ɗan'azumi, ɗaki nake so,
amma tsaya ka ji son zuciyar mutane tukuna.

Akwai waɗanda ba su kwana sai da baranda,
su biya ninki uku don kujera biyu da iska,
sannan su ja labule har a sauka.
Akwai tsohuwar da ta rantse
in kan gadonta bai dubi inda jirgi ya dosa ba
hanjinta zai juya.
Na juya mata. Ta ba ni alewa.
Masu jiri suna roƙon tsakiya, can ƙasa-ƙasa,
inda tangaɗi ke isowa a gajiye.
Wani ya ce a nisanta shi da ɗakin kiɗa,
wani ya ce bangon nan yake so ya jingina.
Miji da mata suka ce in haɗe gadajensu ran Litinin,
ran Alhamis suka ce in raba.
Ban tambaya ba. Mai shimfiɗa ba shi da baki.
Wani mai keke ya auna ƙofar wanka da ido,
ya ce, wanda ya zana wannan
bai taɓa rasa ƙafa ba ko na yini guda.

Ƙarshen kowace tafiya sai a raba takarda:
me ka so, me ka ƙi, me za a gyara?
Ni ke tattarawa daga kan tebur.
Ba a taɓa miƙo mini tawa ba.

Na ce, to kai, ina kake kwana?
Ya daɗe yana wasa da tsinken.
Ƙarƙashin ruwa, ya ce.
Mu biyu, gado bisa gado,
inji na gurnani cikin haƙarƙarina.
Ba taga. Agogo ke gaya mini gari ya waye.
Alƙibla ma ba ta zama wuri ɗaya:
in kabbarta tana gabana,
kafin in sallame ta koma bayan kunnena.

Sai ya tsaga layin gabas da yatsa.
Nan, ya ce. Kamu huɗu.
Na ce, wannan ai ƙofar shago ce.
Inna Cima ta ɗago daga ɓarar gujiya:
taga kamu huɗu a garin nan?
Ka gayyaci sauro, ka gayyaci zafin bazara,
ɓarawo ma ba sai ya sunkuya ba.
Kuma me za ka gani? Gulbin da wata tara yashi ne?

Ya ce, Inna, yashin nake so.
Abin da zan duba da safe
in tarar da shi inda na bar shi jiya.

Ta watsa ɓawo gefe, ta ce, ni tawa buƙata guda ce,
tunda yau ana tambayar fasinja:
ƙofarsa ta kalli tawa.

Haka na gina.
Bulo ɗari shida, siminti buhu tara,
ragar sauro muka sayo a Sabon Gari, ita ta biya.
Jiya na bi ta wurin da hantsi karɓar cikon kuɗina,
na hango shi zaune, haɓa kan dakalin taga,
wani mai amalanke na ɗibar yashi can ƙasa,
shi ko ƙiftawa ba ya yi.
Na juya. Kuɗin sa jira gobe.