Haƙarƙarin Gilashi

A Nima, a shagon da na shekara talatin ina gyaran agogo,
yanzu ba mai kawo agogo.
Lokacin kowa ya koma cikin waya.
Sai na share tebur, na ajiye jirgin sama,
ɗan mitsitsi, bai kai tafin hannuna ba,
wanda Fuseini ya aiko daga Jamus a kwali
haɗe da man zafin gwiwa.

Fukafuki ba wuya, ciki ba wuya,
ko makaho ya iya shafe bango.
Aikin yana ga murfin gilashin nan
da ke kife bisa kan matuƙi,
girman ɓawon gyaɗa,
da haƙarƙari goma sha ɗaya
kowanne siririn zaren kaɗi,
kowanne na jiran fenti kore
ba tare da ya taɓa maƙwabcinsa ba.

Na rage burushi da reza
har gashinsa ya saura bakwai.
Na dama fenti a marfin kwalbar lemo.
Na maƙala tsohon madubin sana'a a idon dama,
na rufe na hagu,
kamar mai leƙen asirin wani ta kafar makulli.

Sharifatu, jikata, ce mai gadin sama.
Tana zaune a dokin ƙofa da kokonta na safe,
kunne a sama, ƙafa na wasa da silifa.
Filin jirgi ba nisa,
idan manyan suka tashi kwanon rufi yakan ɗauki rawa,
teburin ya amsa, hannuna ya bi su.
Sai ta ce, "Baba, ɗaga! Ga wani nan."
In ɗaga.
Mu jira ƙugin ya wuce ta Mamobi,
ya bar mu da hon ɗin turoturo
da mai wake da shinkafa tana faɗa a kan canji.

Tsakanin jirgi da jirgi nake ja.
Tsakanin numfashi da numfashi.
Na koyi wannan a cikin agogo:
akwai wani ɗan shiru bayan ƙas, kafin ƙas,
nan mai haƙuri yake gina gidansa.

Layi na bakwai ya kauce.
Ba jirgin da ya wuce, ba wanda ya yi tari.
Hannun ne kawai, ya tuna shekarunsa.
Kore ya malala inda matuƙi zai duba gabas.
Na ɗauko tsinken sakace, na jira ya sha iska,
na kankare a hankali
kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro yana barci.

A nan na gan shi:
shatin yatsa a cikin gilashin, ta ciki,
inda na riga na liƙe da gam tun jiya.
Ƙarami ne. Ba nawa ba.
Na waiga. Sharifatu ta dubi silifarta.

"So na yi in ga ko yana da ido," in ji ta.

Yana da ido?
Ni da na zauna da shi kwana uku ban tambaya ba.
Na fenta masa hula, na fenta masa ɗamara,
na bar fuskar fayau kamar sabulu.

Ban taɓa shiga jirgi ba.
Kujerar Makka sau biyu tana wuce ni,
Fuseini kuma kullum sai baɗi.
Amma na san abin da mutumin nan zai gani in ya tashi:
haƙarƙari goma sha ɗaya, ɗaya da ɗan tabo,
da gajimare guda mai zagaye-zagaye
wanda ba ya gushewa ko ina ya juya.

Saura huɗu.
Fenti ya fara kauri a marfi.
"Baba, ɗaga," in ji ta,
na ɗaga.