Turmin da Ya Tsage a Galmi

Takardar aiki ce ta zo wa Zuwaira,
hatimi biyu, suna guda: Maraɗi.
Na karanta sau uku a bakin shago,
garin katako na zuba kan baƙaƙen.
Ita malamar lakwal ce, ni kafinta.
Zarto ba ya tambayar sunan gari,
na ce mata mu je.

Mun bar Dogon Dutsi kafin assalatu.
Katifa biyu a saman mota, ɗaure da igiyar guga,
akwatin kayan aikina, rabin buhun gero,
da turmin da inna ta ce kar mu bari.
Lawali na ƙirga jakuna ta taga,
Hamsatu ta yi barci tun Ƙonni,
na cikin ciki kuwa sai shuri yake
duk ramin da direba ya faɗa.
A Galmi, inda iska ke ɗauke da albasa,
igiya ta saki, turmi ya sha ƙasa.
Na ɗauko shi da tsaga daga baki har gindi.
Zuwaira ta kau da kai.
Ni ma ban ce komai ba.

Gidan haya a Bagalam, ciki da falo,
ƙofar langa-langa mai kuka kamar an taka ta,
da bedi guda a tsakar gida.
Daren farko babu wuta, babu ashana,
muna zaune kan kaya kamar masu jiran mota,
sai ga sallama ta kan katanga.
Gwaggo Tsahara ce, ba ta san sunanmu ba,
ta miƙo ƙwaryar fura da fitila:
"Ku sha tukuna, tambaya sai da safe."

Da safe ba ta tambaya ba.
Ta dubi turmin, ta ce in kai wa Ɗanjimo maƙeri.
Ya yi masa ɗamara da baƙin ƙarfe,
ya ƙi karɓar ko dala,
ya ce bencinsa na gurgunta, in ina da lokaci.
Da ƙafar benci na fara cin abinci a garin nan.

Sannu a hankali kunne ya saba.
Suna dariyar yadda muke jan magana,
muna dariyar tasu,
har ranar da Hamsatu ta dawo daga wasa
da harshen unguwa cike da bakinta,
tana gyara mini yadda ake kiran abu.
Lawali ya yi abota da jar akuyar maƙwabta,
haƙorinsa na fari ya faɗi ranar Juma'a,
ya yini rufe da baki don kar ƙadangare ya gani.

Da damina muka gangara kallon gulbi
ya cika ya kawo, ja wur, yana jan itace.
Zuwaira ta riƙe hannuna ta ce lokaci ya yi.
Kafin la'asar na ji kukan sabon mutum.
Gwaggo Tsahara ce ta dafa ruwan wanka,
ni na haƙa ƙarƙashin bedi da hannuna,
muka binne cibiyar Sanusi
a ƙasar da muke biya wa haya duk wata.

Ina kewar duwatsun garinmu, ban ɓoye ba,
da muryar inna tana kiran kaji.
Amma jiya da muka shirya kai mata jika,
na kulle ƙofa, na tsaya da mabuɗi a hannu.
Ban sa shi aljihu ba.
Na miƙa ta kan katanga.

Muna fita na ji daka daga cikin lungu.
Wata ta ari turminmu tun shekaranjiya.
Na san muryarsa ko cikin dubu:
yana da 'yar gargada a inda ya tsage,
amma yana daka.