Ƙararrawa a Idon Sawu

Aikina sharewa ne.
Shekara goma sha tara a zauren ƙanƙara na Kajaani
ina tuƙa motar da ke lashe sawun mutane,
ta zuba ruwan zafi, ta bar fili sumul kamar ba a taɓa takawa ba.
Na share tsallen gwanaye, na share faɗuwarsu,
duk ɗaya ne a wurin motata.

Ran Talata, shida saura, duhu bai ko yi niyyar tashi ba,
Inkeri Rautio kan iso da jaka biyu.
Ita ce ta taɓa juyi uku a sama ta dira da ƙafa ɗaya,
garinmu ya kwana ido biyu.
Yanzu gwiwarta ta hagu kuka take kamar tsohon ƙyaure.
Jaka ɗaya takalma ne, na kyauta da na aro,
Tarmo, abokin rawarta na da, ya wasa wuƙaƙensu a garejinsa,
ba ya karɓar ko sisi, mita kawai yake yi.
Ɗayar jakar ƙararrawa ce.

Yara bakwai, ba mai gani a cikinsu,
su shigo hannun wannan a kafaɗar wancan.
Ta ɗaura ƙararrawa a idon sawunta,
ta ce, “Ni ce wannan ƙarar. Ku biyo ni.”

Darasin farko ba tsayuwa ba ne.
“Ku faɗi,” in ji ta. Suka zube, ana dariya, ana kuka.
“To, ku tashi. Wanda ya san ƙasa ba ya tsoronta.”

Aatos ɗan shekara tara ya ƙi sakin bango.
Mako biyar yana zagaye yana shafa katako,
yana cewa ƙanƙara warin cokali take yi,
kuma shi ba a haife shi don ya yi tafiya a kan wuƙa ba.
Inkeri ba ta lallashe shi ba.
Takan wuce ta gefensa kurum, cakas, cakas,
ta yi gaba.

Awar nan kuɗi ce, gari ba ya bayar da ita banza.
A Disamba ta tara tsofaffin abokan gasa
suka yi wasan dare ɗaya cikin riguna masu ƙyalli da suka yi musu kaɗan.
Tarmo ya ɗaga ta sama, duk zauren ya ji bayansa ya amsa.
Hula ta zaga.
Abin da aka ƙirga bai kai Fabrairu ba.
Littafin awoyi kuwa a hannuna yake,
ni kuma na tsufa, mantuwa ta fara kama ni,
musamman ran Talata.

A cikin watan nan ne yaron ya saki bango.
Ban ga lokacin ba, ina zuba kofi.
Na ɗago sai ga shi a tsakiya, hannuwa a buɗe, baki a buɗe.
Inkeri ta tsaya cak, ta sunkuya ta damƙe ƙararrawar.
Shiru.
Babu abin da ya rage ya bi sai ƙarar wuƙaƙensa,
ita ya bi,
taku tara, ko goma sha ɗaya, mun yi gardama daga baya.

Da ya faɗi bai nemi a ɗaga shi ba.
Ya tuɓe safar hannu, ya laluba da ɗan yatsa
har ya samo tsagin da ya yi, karkatacce kamar tafiyar tsutsa.
“Nawa ne wannan?”
“Naka ne.”
Ya bi shi da rarrafe har bango.

An ce alheri danƙo ne. Ban san yana kama ƙanƙara ba.

Bayan sun tafi na hau motata,
na share gabas, na share yamma,
na zo wurin na karya sitiyari na kewaye.
Kocin ’yan hoki ya shigo bakwai da rabi,
ya nuna, ya ce, “Ka tsallake nan.”
Na ce masa motar ce, tana ja hagu kwanan nan.