Tulun Ngo Kaneng

Bana takin zamani ya fi ƙarfin aljihuna,
masarata ta yi rawaya kamar mai ciwon shawara.
Sai Ngo Kaneng, maƙwabciyata a Bukuru,
ta buɗe bakin wani tsohon tulu:
acha ce, siririya kamar yashin rafi,
ga tamba ƙulle cikin tsumma.

Ta ce, "Watsa bayan ramin kuza,
inda aka ce ƙasa ta mutu.
Acha ba ta cin bashi."

Na yi dariya, amma na watsa.

Kafin dawa ta fid da kai
mun sha gwate da yakuwa,
autana yana lasar ludayi:
"Baba, wannan sabon abinci ne?"

Ngo ba ta tanka ba.
Ta gama shiƙa,
ta mayar da mudu guda cikin tulu.