Tafin Hannun Hammayo

A garejinmu na bayan Tashar Dukku,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
Oga Hammayo ya kurumce, bana shekara uku.
Ba wanda ya faɗa masa.
Shi ma bai faɗa wa kowa ba.

Ran Talata wata Golf ta shigo tana ɗingishi.
Mai ita malamin firamare ne daga Kwami,
da sauran alli a bakin hannun rigarsa.
Ya ce, "In na faɗa rami, gwaf.
In na karya kwana, ƙwas-ƙwas.
In na taka birki a gangare
sai in ji kamar ana buga mini ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa.
Makanikai biyu sun ci kuɗina.
Na farko ya sauya shokazoba,
na biyu ya ce in ƙara muryar rediyo."

Oga na kallon leɓensa, yana gyaɗa kai.
"Babayo, sa jak."

Taya ta rabu da ƙasa.
Ya kama ta sama da ƙasa, ya girgiza a hankali
yadda uwa ke gwada haƙorin yaro mai shirin famfara.
Ya kama ta dama da hagu.
Ya tofar da goro, ya shimfiɗa kwali,
ya shige ƙarƙashi har sai silifas ɗinsa kaɗai ake gani.

Ni ne a kan sitiyari.
Kaɗan nan, kaɗan can, kamar mai tankaɗe.
Ƙwas.
Na ji ta da kunnena biyu, lafiyayyu,
na leƙa ina nuna masa hagu,
tayarod ne, wallahi, na hagu!

Bai ko dube ni ba.
Tafinsa na bin ƙafar motar gaɓa-gaɓa,
ya dafa bushin, ya jira,
ya dafa linkej, ya jira,
ya wuce rak,
sai can dama, a kan bol-join, hannun ya tsaya.

"Ƙarfe magulmaci ne, yaro.
A yi magana a dama, ya kwashe ya kai hagu.
Kunne yana sayen gulma.
Kawo hannunka."

Ya ɗora tafina inda nasa ya tashi, wurin da ɗumi.
Malamin ya murɗa mana sitiyari,
sai na ji abin ya buga mini a ƙashi,
ɗan bugu, kamar ƙwai ya motsa da ɗan tsako.
Robar ta yage, giris ya tsere,
yashin hanyar Kwami ya tare a ciki yana cin tuwonsa.

Malamin ya sosa ƙeya.
"A cusa mata giris mana, ta yi shiru zuwa albashi."
Wannan Oga bai buƙaci leɓe ba,
ya sha ganinta a fuska.

"Ƙarar nan mai ladabi ce, Malam,
sallama take yi kafin ta shigo.
Ka toshe mata baki,
ranar da za ta zo, taya ce za ta durƙusa a tsakiyar titi
kamar san da aka ɗaure wa ƙafa.
Yara nawa kake ɗauka da safe?"

Malamin ya ɗaga yatsu huɗu.
Sannan ya ƙara babban yatsa.

Oga ya buɗe tsohon gwangwanin madara,
ya zaro ɗan Beljiyam naɗe a tsumma.
"In wata ya mutu ka kawo."

La'asar sakaliya muka sauke jak.
Golf ta haura kwalbatin bakin gareji,
ta faɗa ramin nan da ke karya mana baro,
ta fita.

Oga na tsaye yana goge yatsu da fetur,
idonsa a kan ƙurarta.
Sai ya matso, kafaɗarsa ta taɓa tawa,
ya yi ƙasa da murya, ko da yake bai san iya ƙasanta ba:

"Babayo. Ta yi shiru?"

Na buɗe baki.
Na rufe.
Na kama tafinsa, na matse sau ɗaya.