Layi Tara

Bayan Hunƙuyi, inda hanya ta karkace,
akwai layi tara na inabi a kan marmara.
Baba Cindo ne ya dasa su
shekarar da aka yaye uwata,
har yau ko taki ɗaya ba su gusa ba.

Gindinsu ya yi kaurin taɓarya,
ɓawo na saɓulewa, jiki duk tabon aski.
Sababbin gonakin gangare
kwando arba'in suke zubarwa a layi,
mu in mun sami shida sai hamdala.
Tsohuwar kuranga ba ta da surutu,
amma ba ta taɓa cin alkawari ba.

'Ya'yan ƙanana ne, kore-kore,
da ɗigon ɗorawa inda rana ta lasa.
In ka tauna, tsami ke fara sallama,
bauri na biye da shi,
zaƙi kuwa na can ƙurya kamar suruki,
sai ka haɗiye yake gaishe ka.
Daga nan sai ƙamshin tsakuwa da yayyafin fari ya taɓa.
Baba ya ce, "Saiwar nan ta fi igiyar gugarmu tsawo.
Abin da take sha a can ƙasa,
ni kaina ban san sunansa ba."

Da asuba muke tsinka, kafin rina ta farka.
Matsewa da jak ɗin mota,
wanda wani maƙerin Zariya ya yi wa gida.
Inna Tambai ta tace da farin ƙyalle,
ta dafa kwalabe don kada ruwan ya tashi.
Ɗari da goma sha ɗaya bana.
Baba ya ce in rubuta da biro:
Layi Tara, da shekara. Shi ke nan.
Ko sukari cokali ɗaya bai shiga ba.

Yashim ya zo daga otal ɗinsa na Barnawa,
ya kurɓa, ya yi shiru, ya sake kurɓa.
Ya ce, "Baba, a haɗa da na gangare,
a ɗan zaƙaƙa, mu cika kwalba dubu."
Ya ce a ƙetare akwai farar giya
daga tsofaffin kurangu a gaɓar wani kogi,
sunan gona ɗaya tak a goshin kwalba,
kuɗinta ya sayi rago.
Baba ya yi dariya har da tari.
"Su da tasu hanya, ni da tawa.
Nawa ba ya kwana ya sauya hali.
Amma mai gonar nan, ko wane ne,
ya san abin da na sani:
in ka zuba kasuwa a cikin kwalba,
ba za ka ji muryar kowa ba."

Yashim ya ɗauki ashirin yadda suke.
Bai nemi ragi ba.

Yanzu yana ta rufe idon Baba.
Yayana Shekarau na ta lissafi da yatsu,
wai a tumɓuke, a sa sabon iri
mai cika kwali, mai jure hanyar Abuja.
Ban ce masa komai ba. Na tsinko ƙwaya ɗaya
na sa a tafin tsohon, mai yatsa shida.
Ya tauna, ya tauna.
"Layi na huɗu," ya ce, "kusa da suri."
Na duba inda na tsinko.
Bai kuskure ba.

Almakashi ya dawo hannuna.
Ruwa ya ɗauke, lokacin aski ya yi.
Yana zaune a kan bokiti a bakin layi,
yana sauraren ƙarar kowane yanka.
"Wannan ka yi nisa. Koma baya.
Bar mata ido biyu a reshe,
sun ishe ta ganin baɗi."
Na bar mata biyu.
Shekarau na tsaye da gatari a kafaɗa,
ya daɗe yana kallo,
bai sauke shi ba,
bai kuma ɗaga shi ba.